Mota, Masauki da Doki: Amanar Matafiyi Daga Zamanin Madugu Zuwa Mamuda Wapa

Ina gaida mutanen 'Yankuzo da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ina gaida na Tsafe, da na Gusau, da na Bunguɗu. Ina gaida direban da ya tsaya a tasha ya kunna rediyo yana jiran mota ta cika. Ina gaida uwar da ke gaban murhu tana saurarenmu. Ina gaida dattijon da ya jingina da bango, carbi a hannu. Allah ya sa kowa yana lafiya.

Yau zancenmu a kan hanya yake. Hanya, da mutanen da suka ɗauki jama'a a kanta a zamanin Turawa.

Bari in fara da tambaya. Duk wanda ya taɓa zuwa Kano neman canjin kuɗi ya san Wapa. Tana nan cikin Fagge. Can ake canjin riyal, da dala, da sefa. To, mutum nawa ne suka san inda sunan ya samo asali? Sunan ya girmi kasuwar canji. Daga motar alhazai ya fito. Mutumin da sunan ya manne wa kuwa shi ne Alhaji Mahmud Ɗantata, wanda Kanawa suka fi sani da Mamuda Wapa. An haife shi a 1922, ya rasu a 1983.

Rayuwarsa za mu bi yau. Za mu ga motarsa. Za mu ga masaukinsa. Daga nan mu leƙa bargar sarakunan zamaninsa, wajen dawaki. Dalili kuwa, a ƙasar Hausa mai ɗaukar mutane da mai saukar baƙi da mai kiwon doki 'yan gida ɗaya ne. Maganar da na zo da ita guda ce, kuma zan yi ta maimaita ta har mu rabu. Matafiyi amana ne. Wanda ya ɗauki matafiyi, amana ya ɗauka.

Da farko, mu koma baya, kafin a san mota.

A wancan zamani ayari ake yi. Fatake su tashi daga Kano su nufi Gwanja. Su ɗauki kanwa, da tufafi, da jar fata. Su dawo da goro. Jakuna da alfadarai da takarkarai ke ɗaukar kaya. Tafiya ce ta watanni, zuwa da dawowa. Akwai koguna. Akwai daji. Akwai 'yan fashi.

Ayari ba ya tashi sai da madugu. Shi ne uban tafiya. Yana da jagaba mai sanin hanya. Yana da uban dawaki mai taimaka masa. Akan tafi da malami mai addu'a da rubutu. Madugu ne ke zaɓen ranar tashi. Shi ke cewa a nan za a yada zango. Shi ke shiga gaban sarakunan hanya ya daidaita kuɗin fito. Idan jakin wani ya faɗi, ba a wucewa a bar shi. Idan wani ya kwanta ciwo, madugu ake tambaya. Mutane ba sa bin madugu don yawan dukiyarsa. Suna bin sa ne don an san yakan kai mutane, kuma yakan dawo da su.

Idan an isa gari kuma, akwai fatoma, wato mai masauki. Shi zai ba baƙo ɗaki. Gidansa za a dafa masa abinci. Shi zai ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an yi ciniki bashi. La'adarsa yake ci, amma sunansa yake karewa. Ranar da kayan baƙo ya ɓata a gidansa, ranar ya daina ganin baƙi. Daga wannan al'ada aka samu unguwannin da ake kira Zango a ƙasar Gana, a Kumasi da Ankara da sauran garuruwa, har yau ɗin nan.

Kun lura? Ga mai jagora, ga mai masauki, ga doki ƙarƙashin madugu. Abubuwa uku, sana'a ɗaya. Jarinta gaskiya. Ƙasarmu ta Zamfara kuwa ta san wannan sarai, domin tana tsakanin Katsina da Kano da Zazzau da Sakkwato. Matafiya da yawa sun hango dutsen Kwatarkwashi daga nesa sun san inda suke.

Wannan ke nan. Yanzu mu matsa gaba, zuwa zuwan Turawa.

A 1903 suka ci Kano da Sakkwato. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano. Daga nan kasuwar gyaɗa ta buɗe. A 1929 aka kammala layin dogo da ya tashi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa, ya ratsa ƙasar Tsafe, ya shiga Gusau, ya tsaya Ƙaura Namoda. Mu faɗi gaskiya, jama'a. Don gyaɗa da auduga aka shimfiɗa shi. Kuma gumin talakawa ne ya shimfiɗa shi. A zamanin nan an sha ɗebo mutane daga ƙauyuka a kai su aikin hanya da na dogo, ko suna so ko ba sa so.

Duk da haka jirgi ya sauya Gusau. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna. Aka kafa gidan gurzar auduga. Baƙi suka zo daga kudu da arewa. Sakkwato kuwa dogo bai kai gare ta ba. Saboda haka kayan da jirgi ya sauke a Gusau, mota ce ke ƙarasawa da su. Kayan da aka auna a ƙauyuka, jaki da raƙumi da mota ke kawo su bakin jirgi. A nan aka haifi sabbin sana'o'i. Ga direba. Ga yaron mota. Ga ɗan kamasho. Ga makanike. Ga mai tuwo a bakin tasha. Babbar mota mai bodin katako ta gaji ayari. Buhuna a ƙasa, mutane a sama.

Akwai abu ɗaya da nake so ku riƙe a nan. Duk dogon da Bature ya shimfiɗa a ƙasar nan, bakin teku ya nufa. Kudu ya fuskanta. Can jiragen ruwa ke jiran gyaɗa da auduga da fatu. Amma zuciyar mutanenmu gabas take kallo. Alƙibla suke so. Hanyar Makka suke mafarki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu ga gidan da Mamuda ya fito.

Mahaifinsa shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa, mutanen da fatauci ya zama musu gado. Ya san hanyar Gwanja da ƙafarsa. Da zamani ya juya, sai ya juya tare da shi. Ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Daga 1918 ya shiga sayen gyaɗa wa kamfanin Turawa, har ya zama babban attajirin da ake kwatance da shi a Afirka ta Yamma. Ya rasu a Kano a 1955. Wato Mamuda jikan fatake ne. A gidan da ake saukar baƙi ya tashi. Ya yi karatu a ƙasar Gana, ya dawo ya yi aiki tare da mahaifinsa. Daga baya ya kama tasa hanyar.

Wace hanya ya kama? Hanyar gabas. Hanyar alhazai.

Masu saurare, yau maniyyaci yakan tashi da safe, kafin dare yana ƙasa mai tsarki. A da ba haka ba ne. Mai niyyar Makka yakan yi wasiyya. Yakan bi dangi gida gida yana neman gafara. Akan yi kuka kamar ana rakiyar gawa, domin ba kowa ke dawowa ba. A ƙasa ake tafiya, ko a kan jaki. A bi ta Barno. A ƙetare zuwa birnin da ake kira Njamena yau. A wuce Abashe. A shiga Darfur, a bi ta Aljinaina da Alfashir, har Al'ubayyid, inda jirgin ƙasan Sudan yake tsayawa. Daga can a nemi Sawakin, bakin Bahar Maliya, a hau jirgin ruwa zuwa Jidda.

Idan guzuri ya ƙare, sai a yada zango a nemi aiki. A yi noma. A yi tsintar auduga a gonakin Jazira. A tara abin da ya samu, a ƙara gaba. Wani ya shekara biyu, wani biyar, wani fiye. Yaron da aka goya daga gida yakan dawo da gemu. Wasu kuma can suka zauna har abada. Bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'a da yawa sun yi hijira gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Jikokin waɗannan matafiya suna nan a Sudan har gobe, suna jin Hausa da Fulatanci.

Wannan ita ce wahalar da Mamuda ya duba. A ƙarshen shekarun 1940, shi da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma. Haruffan farko na sunanta na Turanci su ne suka ba da kalmar Wapa. Suka tanadi safa da manyan motoci. Suka riƙa ɗaukar maniyyata daga Kano, ta Barno, ta Cadi, zuwa Sudan. Tafiyar shekaru ta dawo ta watanni da makonni.

Kun tuna abin da na ce ku riƙe? Bature ya kawo inji don ya kai gyaɗa kudu. 'Ya'yan fatake suka karɓi injin nan suka juya kansa gabas. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a labarin nan. Ba su jira wani ya zo ya share musu hawaye ba. Sun dubi abin da ke damun mutanensu, suka mai da shi sana'a.

Kada kuma mu ɗauka abu ne mai sauƙi. Ku kwatanta a ranku. Mota cike da tsofaffi da mata da yara. Babu kwalta. Da rani yashi, da damina laka. Dole a ɗauki fetur a duro. Dole a ɗauki ruwa. Dole a tafi da makanike da kayan gyara, domin idan mota ta tsaya a tsakiyar daji babu shagon da za a je. Ga iyakoki. Nan mulkin Ingila, gaba mulkin Faransa, gaba kuma Sudan. Kowace iyaka da takardarta. Ana neman fasfo. Ana neman shaidar allura. Mutumin ƙauye da bai taɓa riƙe takarda ba, wa zai tsaya masa? Mai mota ne. Ga kuma kuɗi. Kuɗin da ake kashewa a Kano ba shi ake karɓa a Cadi ba. Na Cadi ba shi ne na Sudan ba. A Makka kuma riyal ake so. Mai ɗaukar alhazai dole ya san canji. Idan kun haɗa wannan da wancan, za ku gane yadda wurin da aka fara da motar alhazai ya zama kasuwar 'yan canji.

Ashe madugu bai mutu ba. Doki ya sauka, ya hau mota. Aikin bai sake ba. Ka kai mutane, ka dawo da su. Matafiyi amana ne.

Da jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano a shekarun 1950, waɗannan 'yan kasuwa ba su tsaya kallo ba. Sun shiga harkar. Sai daga baya gwamnati ta karɓi ragama, har aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975. Amma sawun farko na 'yan kasuwa ne.

To, mun ga mota. Yanzu mu juya ga masauki.

Mai ɗaukar mutane ba zai rabu da saukar su ba. Maniyyaci ya taso daga ƙasar Sakkwato, ko Zamfara, ko Katsina, ko hayin Nijar. Ya iso Kano bai san kowa ba. Mota ba za ta tashi yau ba, wataƙila sai mako mai zuwa. Ina zai kwana? Ina zai ajiye guzurinsa? A zamanin Turawa akwai bariki, amma na Turawa ne da manyan ma'aikata. Talaka bai isa ya doshi ƙofar ba.

Mamuda ya yi gininsa a Fagge. Zaɓen wurin ma akwai hikima. Tun kafin Turawa, Fagge masaukin baƙi ce a bayan ganuwar Kano. Nan ayarin raƙuma na Azbinawa ke sauka da gishiri. Mamuda ya shiga harkar masauki da otal. Aka kuma yi gidan silima da ya ɗauki sunan Wapa. Sannu a hankali sunan ya rufe unguwar.

Na san kalmar otal ba ta da farin jini a kunnen mutanenmu. Da an ambace ta sai wasu su tuna da shashanci. Akwai dalili, domin wasu masu wuraren sun ɓata sana'ar. Amma asalin abin gidan fatoma ne. Ɗaki mai tsabta. Ruwan alwala. Ƙofar da ke kulluwa. Mai gida da zai ce wa baƙo, kwanta ka huta, kayanka suna hannuna. Hausawa suka ce baƙonka Annabinka. Wanda ya riƙe masauki da wannan niyya, sana'a yake yi, lada yake samu.

A nan, jama'a, dole in faɗi wani abu, don kada labari ya zama rabi. Rayuwar Mamuda ba ta rasa tuntuɓe ba. A shekarun 1950 ya shiga hannun hukuma a kan shari'ar buga takardun kuɗi, ya yi zaman gidan yari. Ya fito ya ci gaba da harkokinsa. Ban kawo wannan don tozarta mamaci ba. Allah ya gafarta masa, ya gafarta mana. Na kawo shi ne don matasa su ji. Mutum yana iya yin babban aiki, kuma yana iya yin kuskure. Kuɗi wuta ne, sai da taka tsantsan. Abin da ya rage wa Mamuda a bakin jama'a shi ne hidimar da ya yi wa alhazai. Alheri ne ya daɗe.

Saura na uku. Mu shiga barga.

A zamanin da muke magana, ba za a yi zancen doki a Arewa a tsallake Katsina ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. A 1921 ya tafi aikin haji ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. Ya shahara da son dawaki da sukuwa. A zamaninsa wasan ƙwallon dawaki ya kafu a Katsina. Ɗansa, Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya zama gwanin da har Turawa suka sara masa a wannan wasa. Wasan da baƙi suka zo da shi, 'yan gida suka ƙware a kansa. Dalili a fili yake. Doki ba baƙo ba ne a wurinmu. Dubi sarautunmu. Akwai Madawaki. Akwai Ubandawaki. Akwai Shamaki mai kula da barga.

Mu nan yamma ma ba a bar mu a baya ba. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa, ya yi wa dokin sukuwa waƙa sukutum, Dokin Iska Ɗan Filinge. Har yau ana sa ta a gidajen rediyo. Ku duba girman abin. Doki ya samu waƙa irin ta sarakuna. Sunan kuma yana nuni da Filinge ta ƙasar Nijar. Wato neman doki nagari bai san iyakar da Bature ya shata ba.

Me kiwon dokin sukuwa yake koya wa mutum? Haƙuri, kafin komai. Goɗiya takan yi wata goma sha ɗaya da ciki. Idan ta haifi duƙushi, ba a ɗora masa sirdi nan da nan. Sai ya shekara biyu ko uku. Kafin nan ana ba shi harawa, da dawa, da dusa, da kanwa. Ana wanke shi. Ana share turke. Ana duba kofato. Ana kare shi daga ƙudan tsando da ciwon sammore. Mai kiwo ya san uban dokinsa, ya san uwarsa. Shekaru ana wahala, don gudun da bai wuce 'yan mintoci ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar sukuwa, abin da aka yi a barga shi ke fitowa fili.

Doki ba ya magana. Ba zai ce maka ƙafata na ciwo ba. Sai mai lura ya gani. Inji ma haka yake. Tsofaffin direbobi sun san wannan. Da asuba, kafin a yi lodi, sai sun duba mai, sun duba ruwa, sun zagaya taya. Sukan saurari ƙarar inji kamar yadda mai doki ke sauraren numfashin dokinsa. Tarbiyyar barga ce ta koma gareji. Shi ya sa na ce muku 'yan gida ɗaya ne.

Ga wani abin sha'awa kuma. Jiragen saman da suka fara sauka a Kano, a 1925, daga Masar suka taso, suka biyo ta Sudan da Cadi. Kusan hanyar alhazai ce suka biyo, daga gabas zuwa yamma. A filin wasan dawaki suka sauka. Filin doki ne ya karɓi jirgi. Haka kuma a filin sukuwa na Kaduna, wanda ake kira Dandalin Murtala yau, aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956. A filin sukuwa na Ikko aka sauke tutar Ingila a 1960. Doki ya ga shigowar Turawa, ya ga fitarsu.

To, jama'a, mun zagaya. Mun ga madugu da fatoma. Mun ga Mamuda da motarsa da masaukinsa. Mun ga barga. Yanzu mu dawo gida. Mu dawo hanyar Funtuwa zuwa Tsafe zuwa Gusau. Mu dawo hanyar da ke shiga 'Yankuzo.

Ba sai na gaya wa mutanen wannan yanki halin da hanya take ciki ba. Ku kuka fi kowa sani. Akwai lokacin da mutum zai shiga mota, iyalinsa ba za su natsu ba sai sun ji ya sauka. Fargabar da kakanninmu suka yi a hanyar Makka, yau wasu suna yin ta a hanyar kasuwa. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa. Allah ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu. Allah ya dawo mana da zaman lafiya.

Tsaron hanya nauyin hukuma ne. Mutanen da suka biya haraji, suka yi zaɓe, suna da haƙƙin su je kasuwa su dawo lafiya. Ina roƙon mahukunta su dubi hanyoyin ƙauye kamar yadda suke duban manyan tituna. Manomi ba zai kai amfanin gonarsa Tsafe ko Gusau ba sai da hanya. Mai naƙuda ba za ta kai asibiti ba sai da hanya. Matafiyi amana ne a wuyan mai mulki ma.

Amma akwai rabon da yake namu. Ɗan'uwana direba, da kai nake. Kai ne madugun yau. Mutanen da ke bayanka sun miƙa maka rayukansu. Kada ka loda abin da mota ba za ta iya ba. Kada ka hau hanya da tayar da ta suɗe. Kada ka sha wani abu don ka kori barci. Idan barci ya zo, ka tsaya ka runtsa. Sannu ba ta hana zuwa. Idan ka ji labarin hanya ba kyau, ka gaya wa fasinjanka gaskiya, ko da za ka rasa lodin ranar. Idan motar ɗan'uwanka ta lalace a inda ka san babu hatsari gare ku, ka tsaya ka taimaka. Haka ayari yake yi.

Shugabannin tasha, ku ma da ku nake. Ku san direbobinku. Ku san wanda ya tashi, da wanda ya ɗauka, da inda ya nufa. Kayan da aka manta a mota, a ajiye wa mai shi. Tsohuwar da kuɗinta bai cika ba, a duba ta.

Masu masauki, ku riƙe sunan fatoma. Ku san wanda kuka saukar. Ku tsare mutuncin gidanku. Baƙo raɓa ne, gobe zai wuce, amma labarin da zai tafi da shi yana daɗewa.

Masu hali na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ga darasin Mamuda a gabanku. Ya dubi abin da ke wahalar da mutanensa, ya zuba dukiyarsa a kai. Ya samu riba, jama'a sun samu sauƙi. Yau ma akwai irin wannan buƙata a ƙofar gidanku. Akwai ƙauyen da mota mai lafiya ba ta shiga. Akwai masu jinya da ke zuwa asibitin birni ba su da wurin kwana. Akwai manoman da kayansu ke lalacewa don babu mai ɗauka. Wanda ya tsaya a nan, sunansa zai daɗe.

Masu sauran dawaki a barga, kada ku bari irin ya ɓace. Ku koya wa yara ɗaura sirdi da linzami. Ku koya musu kiwo. Yaron da ya iya kula da dabba zai iya kula da mutum.

Ku kuma matasa, ga ɗan aiki na ba ku. Yau da dare ku zauna gaban kakanku. Ku tambaye shi, wa ya fara sayen mota a garin nan? Wa ya fara zuwa Makka a ƙasa, kuma shekara nawa ya yi? Gidan wa fatake ke sauka? Dokin wa ke cin sukuwa da salla? Ku rubuta amsar, ko ku naɗe ta a waya. Kowane gari yana da nasa madugu. 'Yankuzo ma tana da nata. Idan tsofaffin nan suka tafi ba mu tambaya ba, sun tafi da labarin.

Masu saurare, a nan zan yada zango. Madugu ya wuce. Fatoma ya wuce. Mamuda Wapa ya wuce. Sarki Dikko da dawakinsa sun wuce. Amanar da suka riƙe ce ta rage, kuma yau tana hannunmu. Wanda ya ɗauki matafiyi, ya kai shi lafiya. Wanda ya sauki baƙo, ya tsare shi. Matafiyi amana ne.

Waɗanda ke kan hanya a wannan lokaci, Allah ya sauke ku lafiya. Waɗanda ke gida suna jira, Allah ya sa ku ga naku. Sai mun sake saduwa. Assalamu alaikum.